Wayar da Na Koya wa Kara

Ana idar da sallar asuba muka kama hanya, ni da ƙanena, daga gidana a Kano zuwa tashar motocin Daura. An kwana ana yayyafi, unguwa duk ta caɓe, mai a-daidaita-sahun da ya ɗauke mu sai mita yake yi kamar mu muka aiko ruwan. Ku da kuke bibiyata a nan kun san wata da watanni ina cika muku kunne da karatun da nake yi ta intanet na tsara wasannin waya da kwamfuta, wato gem, har na yi alkawarin kawo muku labarin ranar da zan gwada aikina na farko a hannun mutum. To ga labarin, sai dai ba irin wanda na so in kawo ba ne.

Mutumin da na yi gem ɗin dominsa mahaifina ne. Baba tela ne a Daura, kuma duk unguwarmu an san ba a karawa da shi a dara. Ga 'yan bana da ba su san dara ba: ramuka ake yi a ƙasa jere-jere, mutum biyu su zauna, ɗaya ya riƙi guntayen kara, ɗaya ya riƙi tsakuwa. A fara zubawa ɗaya bayan ɗaya har su ƙare, sannan a riƙa matsawa gida-gida. Duk wanda ya jera uku ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda na abokin wasansa. Lokacin da aka kawo Shari'a wasu samari masu wa'azi sun tasa 'yan dara a gaba, wai shiririta ce. Baba ya ce shi ba ya caca, kuma ana kiran salla yake karkaɗe riga ya tashi, don haka su nemi wani aikin.

Bara da damina ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannun dama ya tafi, ƙafa sai ja, magana ta yi nauyi. Da farko yana lallaɓawa da sanda zuwa gindin darbejiyar da suke dararsu, daga baya ya daina fita kwata-kwata. Inna, mahaifiyarmu, kullum muka yi waya maganar ɗaya ce: ya juya fuska ga bango, tuwo sai ya yi loma biyu ya ture. Likita ya ce jikin yana samun sauƙi, zuciyar ce ba ta so. Shi ya sa da malaminmu ya ce kowa ya zaɓi aikin da zai yi na ƙarshen zango, ban yi dogon tunani ba, na ce dara zan saka a waya, yadda mai hannu ɗaya zai iya yi yana kwance.

A tasha muka tarar kuɗin mota ya sake tashi, direba ya ce laifin mai ne, fasinjoji suka ce laifin direba ne, aka yi ta yi har mota ta cika. Aka cusa ni baya tare da wata dattijuwa mai buhun garin rogo, wadda tun kafin mu fita gari ta gama sanin sunan unguwarmu da yawan 'ya'yana. A Ɗambatta muka sayi gasasshiyar masara ta taga, mai taurin da sai da na tausaya wa haƙorana. Daga nan har Kazaure ko'ina kore shar, gero ya fi mutum tsayi, duwatsu sun sha wanka, sama kuwa ta haɗe rai ba ta da niyyar sakewa. Ƙanena ya karɓi wayar ya yi dara da ita, ya ci ta sau biyu, ya juyo daga kujerar gaba yana hura hanci, wai ashe jinin Baba na jikinsa. Na ƙyale shi, don na san abin da bai sani ba.

Bari in faɗa muku abin da aka koya mana, don ku gane inda na dosa. Malaminmu ya ce ƙashin bayan kowane gem abu uku ne da ke zagayawa: mai wasa ya yi motsi, gem ya ba shi amsa, amsar ta sa shi son sake wani motsin. Ya ce zaɓin da ba shi da sakamako ba zaɓi ba ne, ado ne kawai. Sannan ya daɗe a kan maganar wahala: gem ya yi sauƙi da yawa, mutum ya gaji ya ajiye; ya yi wuya da yawa, mutum ya yi fushi ya ajiye. Gwanintar mai tsarawa ita ce ya riƙe ɗan wasa a tsakiya. A nan ya nuna mana wata dabara da masu sana'ar ke yi a ɓoye. In na'ura ta lura ɗan wasa yana shan kashi, sai ta sassauta ba tare da ta faɗa ba, ta yi kuskure da gangan, ta bar masa ƙofa. Ya ja mana kunne cewa a yi ta kaɗan-kaɗan, kuma kada ɗan wasa ya taɓa ganewa.

Ni da na ji wannan sai na ce ai mu mun daɗe da sanin abin nan, sunansa kara. Ita ce ke sa ka ƙi ɗaukar tsokar ƙarshe a kwano, ita ce ke sa ka bar babba ya yi gaskiya ko da ka san ya kauce. Sai na zauna na koya wa wayata kara. Ba kaɗan-kaɗan na zuba ba, da ludayi na zuba, saboda Baba nake gani a raina da hannunsa na hagu yana rawa. Na tsara ta yadda za ta riƙa matsa wa mutum lamba har ya ji gumi, amma in an zo gaɓar da za ta gama da shi, sai ta kau da kai.

Mun shiga Daura da hantsi. Masu roƙona hoton rijiyar nan ta tarihi ku yi haƙuri, ko hanyarta ban bi ba. Lungunmu ya cika da ruwa, sai da na tattare hijabi na bi gefen katanga. Da muka wuce gindin darbejiya na ga dattawa uku a kan benci, ramukan dararsu ruwa ya shafe, babu wanda ya damu ya sake tonawa. Suka amsa gaisuwata da fara'a, suka ce a gaishe da mai jiki, amma babu wanda ya yarda muka haɗa ido.

Inna ta rame fiye da yadda murya ke nunawa a waya. Ta kai mu ɗakin Baba, muka same shi yadda ta faɗa, kwance, fuska ga bango. Keken ɗinkinsa na lungu an rufe shi da tsohon zane. Na durƙusa na gaishe shi. Ya juyo a hankali, ɓarin bakinsa ɗaya ya yi murmushi, ya ce, "Uwata." Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa bai taɓa kiran sunana ba. Komai na gidan nan Baba ya yi mini kara a kansa saboda sunan nan, ban da abu ɗaya. Da yake mace ba ta zama a gindin darbejiya, a tsakar gida ya koya mini dara tun ina 'yar firamare, kuma bai taɓa bari na ci shi ba, ko sau ɗaya. Ya lallasa ni ina da ƙuruciya, ya lallasa ni ina budurwa, ya lallasa ni ranar da na zo wankan jegon fari. In na yi kuka Inna ta ce ya bar wa yarinya ko guda, sai ya ce in share hawaye in sake zubi.

Bayan la'asar, da ya ɗan sha kunu, ƙanena ya tayar da shi zaune ya jingina shi da matashi, na ɗora masa wayar a cinya. Na nuna masa yadda ake taɓa rami a zuba, a ja ɗa a matsar. Na yi 'ya'yan wayar kamar na gaske, nasa guntayen kara, na na'ura tsakuwa, har da ɗan sautin faɗuwar tsakuwa a rami. Da ya ji sautin sai ya ɗago ya kalle ni, na ga idonsa ya kawo haske irin wanda na manta. Malaminmu ya ce in kana gwada gem a hannun mutum, ka kulle bakinka ka sa ido, kada ka yi bayani, kada ka ba da haƙuri. Na koma bakin ƙofa na zauna a kan tabarma, ina kallo kamar ni ake wa jarrabawa.

Ya ci wasan farko, ya yi ɗan gyaran murya. Inna ta leƙo ta koma da sauri tana goge ido da bakin zane. Ya ci na biyu, amma wannan karon bai yi gyaran murya ba, ya daɗe yana kallon ramukan bayan wasa ya ƙare. A na uku, ina hangowa daga inda nake, ya ɗauki ɗan da ke tsare masa gida ya kai shi can gefe inda ba shi da aikin yi. Motsi ne da ko ɗan koyo ba zai yi ba. Ƙofa ta buɗe wa na'ura a sarari ta jera uku. Ta yi ɗan jim yadda na koya mata, kamar mai tunani, sannan ta matsar da wata tsakuwa can daban.

Baba ya sake ba ta wata ƙofar. Ta sake kau da kai. Sai ya kifa wayar a kan katifa, ya dube ni, ya tattaro maganar da ƙyar.

"Ita ma?"

Ya zame ya kwanta, ya juya ga bango. Na ɗauki wayata na fito.

A madafi Inna ta warware mini, tana tuƙa tuwon da ta san ba zai ci ba. Ashe ba ciwon ƙafa ne ya hana shi fita ba. Tun da ya koma gindin darbejiya bayan ya tashi daga jinya, kowa ya zauna da shi sai Baba ya ci. Mutanen da a da sai sun yi gumi kafin ya gama da su, yanzu sai su yi ta zubar da 'ya'ya suna cewa kai, Malam har yanzu hannun na nan. Ya ɗauki kwanaki yana murna kafin ya gane. Ranar da ya gane ya dawo gida, bai sake tambayar sandarsa ba. Na ce, "Inna, me ya sa ba ki faɗa mini ba?" Ta ce, "To me zan ce miki? In ce mutane sun yi masa mutunci?"

Na tambaye ta ko babu wanda zai zauna da shi tsakani da Allah. Ta ce in akwai, to abokinsa ne na Zango, wanda shekara da shekaru duk ranar kasuwa sai ya zo sun kara, mutum ɗaya tak da ke cin Baba wani lokaci. Shi ma ya ɗauke ƙafa tun bayan sallar layya. Mu tun muna yara Baba na Zango muke ce masa.

Washegari da safe muka nufi Zango. Motar da muka samu irin wadda ake buɗe ƙofarta da igiya ce, gaba mutum uku, baya kuma iya wanda Allah ya nufa. Tafiyar ba nisa, amma ruwa ya sake saukowa, direba na goge gilashi da hula, wani fasinja na riƙe da akuya a cinya yana ba ta haƙuri. Gonakin gyaɗa da dawa sun yi kyau har ka ji kamar ka sauka ka taya su godiya, manoman cikin motar kuwa hirarsu ɗaya, tsadar taki. Tunanina na kan kalma biyun da Baba ya faɗa, ina juya su ta kowace fuska, ba ta inda suka yi daɗi.

Mun sami Baba na Zango a zaurensa yana gyaran igiyar shanu. Tsoho ne dogo, mai ban dariya a da, wanda in ya ci Baba sai ya tashi ya zagaya bishiya yana tafi. Ya sa aka dama mana fura da nono mai kauri, irin wadda Kano sai dai labari, ya yi ta tsokanar ƙanena a kan tumbi. Da na kawo maganar da ta kawo ni sai dariyar ta ɗauke. Na ce, "Baba, alfarma na zo nema. Ka zo ka yi dara da abokinka, ka ci shi in ka samu dama."

Ya daɗe yana murza igiyar kafin ya amsa.

"'Yata, ai ni na fara. Ranar da ya dawo gindin bishiya ni na zauna da shi. Na ga kara na faɗuwa daga hannunsa, sai ya sa baki ya gyara riƙo. Ci ya zo mini har gida, na miƙa hannu, wallahi hannun ya ƙi. Sauran da suka ga na bar masa, sai kowa ya bi."

Na ce to yanzu ai ya san illar abin, sai ya zo ya gyara.

Ya girgiza kai. "In na zo na ci shi, na ci mara lafiya, da wane ido zan kalli mahaifiyarku? In na bar masa, na ƙara kashe shi. Shi ya sa na zauna a gida. Ki ce ina gaishe shi. A'a, kada ma ki ce kin zo."

Ya rako mu har bakin titi cikin yayyafi, ya cusa wa ƙanena ƙullin gyaɗa a aljihu. Ban ji haushinsa ba, ko kaɗan. Abin da ya yi da hannu shi na yi da na'ura, ni har da zaman makonni ina gyara shi ya yi kyau. A hanyar dawowa na lissafa duk masu iya dara da na sani a ƙasar Daura, ban samu ko ɗaya da ba ya ƙaunar Baba ko jin nauyinsa ba, kuma wannan ne ya sa ba su da amfani a gare shi.

Muna isa gida na buɗe kwamfutata a ɗakin Inna na cire karar nan. Abin da na yi makonni ina ginawa, kafin ruwan shayi ya tafasa na rushe shi. Yanzu na'urar ba sani ba sabo, ƙanena ya gwada ta yi masa cin kaca, ya ce lallai wayar ta lalace. Na kai wa Baba na durƙusa na ce, "Baba, ka yi haƙuri. Na cire. Yanzu ba za ta bar maka ba." Bai ko miƙo hannu ba. Ya ce, "Wa ya sani?"

Gaskiyarsa. A nan na gane dalilin da malaminmu ya ce kada ɗan wasa ya taɓa ganewa. Ba don kunyar mai tsarawa ba ne. In mutum ya kama gem yana yi masa sassauci sau ɗaya, to duk cin da zai yi nan gaba ya lalace, har wanda ya yi da guminsa, domin ba shi da hanyar bambancewa. Na zauna riƙe da waya.

Can sai ya nuna ƙofa da haɓa. Muka ɗauka bayan gida yake so, ƙanena ya kama shi. Da suka fito tsakar gida ya tsaya a ƙarƙashin rumfa, inda ƙasa ke da danshi amma ruwa bai kwanta ba, ya dangwala ƙasar da yatsan ƙafarsa mai lafiya. Wurin da ya koya mini ne. Ƙanena ya tona ramukan da gindin cokali, Inna ta zaro kara daga danga ta kakkarya, ni na tsinto tsakuwa a bakin rariya. Aka shimfiɗa masa buzu ya zauna. Ya dube ni ya ce, "Uwata. Zuba."

Na san abin da ke gabana. In ya ci ni, zai ce ni ma na bi sahu, ya koma bango, wataƙila ba zai sake juyowa ba. Hanya ɗaya ce zai yarda ana yi da shi da gaske, ita ce in ci shi, abin da ban taɓa iyawa ba yana da lafiya. Sai dai watannin da na yi ina koya wa na'ura dara sun koya mini ita fiye da duk shekarun baya, don ba ka iya rubuta wa na'ura dokar da kai ba ka gane ba.

Zubinsa ya ba ni tsoro, ya kuma ba ni daɗi. Hannun na rawa, kara na kuɓucewa ya sake ɗauka, amma kowane ɗa inda ya dace yake sauka. Da aka fara matsawa ya ci mini biyu a jere, har ya yi gyaran muryar nan. Na ci masa ɗaya. Muka daɗe muna zagaya juna, kaji na ratsa mu, hayaƙin murhu na shiga mana ido. Sai ya ɗauki wani kara da ke toshe mini hanya ya matsar da shi gaba.

Na duba, na sake dubawa. Ya buɗe mini abin da shi da kansa yake kira doki, wato jeri biyu maƙwabta da ɗa guda ke kai-kawo tsakaninsu, in ka je ka ci, in ka dawo ka ci. Wanda ya hau doki ya gama wasa. Inna na tsaye a bayansa da ludayi a hannu, ta gane daga fuskata, ta shiga girgiza mini kai a hankali. Ƙanena ya ƙirƙiro tari. A lokacin na fahimci Baba na Zango sosai, domin hannuna ya yi nauyi kamar an ɗaura masa dutsen niƙa. Na ɗauki tsakuwar na jera uku, na cire masa kara guda.

Doki ba ya kisa farat ɗaya, abin da ya fi ciwo ke nan. Na je, na ɗauke kara. Ya matsa abin da zai iya. Na dawo, na ɗauke wani. Haka na yi ta tsince mahaifina ɗaya bayan ɗaya, hawaye na ɗiga a kan hijabina, shi kuwa bai ɗaga kai daga ramukan ba. Da ya rage ba shi da abin jera uku, ya ajiye hannu a gwiwa.

"Ban gani ba," ya ce. Ya sake cewa, a hankali, kamar da kansa yake, "Ban gani ba." Sannan ya ɗago. "Kin iya, Uwata."

Da magariba ya ce a kawo tuwo. Ya ci fiye da rabin malmala da miyar kuka, da hannun hagu, ya ƙi a ba shi a baki. Inna ba ta yi mini magana ba har muka kwanta, tsakanin haushi da murna ta rasa wanda za ta ɗauka. Da safe ta ɗaure mini kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, ta ce, "Ke da ubanki sai Allah." Na shiga sallama da Baba na same shi zaune, ba kwance ba. Na ajiye masa wayar kusa da matashi. Bai ɗauka ba, amma bai ture ba.

Motar dawowa ta fi ta zuwa sarari, muka samu kujera ɗaya ni da ƙanena. Rana ta ɗan leƙo, mata na shanya a kan dangogi, yara na wasa a kududdufai. Ina jin wani irin sauƙi mai haɗe da ɗaci, ina gaya wa kaina cewa ko ba komai ya ci abinci. Mun kusa Kazaure ƙanena, wanda tun Daura yake ɓare gyaɗar Zango, ya juyo.

"Yaya, in tambaye ki mana. Mutumin da ya kama waya tana yi masa kara tun ba a je ko'ina ba, shi ne bai ga doki ba?"

Na ce ciwo ne, wani lokaci kansa yana ɗaukewa.

Ya ce, "Haka ne. Amma kafin ya matsar da karan nan sai da ya kalle ki. Ke kina kallon ƙasa, ni ina kallonsa."

Na ce ya rufe mini baki. Ya rufe, ya ci gaba da gyaɗarsa, ya bar ni da abin har Kano. In Baba bai ga dokin nan ba, to ciwon ya ci wurin da muke cewa bai taɓa ba, kuma mutumin da ya koya mini dara ya fara tafiya. In kuwa ya gani, to ya ga 'yarsa ta taso daga Kano da aikin watanni ya watse mata a hannu, ya ga ta je Zango ta dawo da ido jajur, sai ya yi mata abin da bai taɓa yi ba tun tana 'yar firamare, ya kuma ci tuwo don hankalinta ya kwanta. Na rasa wanne zan roƙa ya zama gaskiya.

Mun iso Kano da azahar, gari ya yi zafi da cunkoso kamar ba a taɓa ruwa ba. Yara suka tare ni suna neman tsaraba, na ba su ragowar gyaɗa. Da yamma na kira Inna, ta ce ya sa an fitar masa da buzu zaure, ya zauna har la'asar yana kallon masu wucewa, kuma ya hana a share ramukan tsakar gida. Ta ce yana tambaya yaushe zan dawo. Na ce ta ba shi wayar, na ji numfashinsa a kunnena, tambayar na bakina. Na gaishe shi da jiki, ya ce da sauƙi, muka yi sallama.

Abin da tafiyar nan ta koya mini a sana'ar da nake koyo ba shi da yawa, amma ya shiga jikina. Mai wasa ba ci kawai yake nema ba, so yake ya tabbata zai iya faɗuwa, domin in babu wannan, cin ba nasa ba ne. Na cire sassaucin ɓoye daga gem ɗina gaba ɗaya. Wanda ke son mai sauƙi zai zaɓa da hannunsa, da idonsa a buɗe, an rubuta masa ɓaro-ɓaro. Malaminmu zai ce na yi asarar dabara mai kyau, kuma wataƙila da gaskiyarsa in baƙi ne za su yi wasan. Ni dai na ɗanɗana abin daga ɗaya ɓangaren. Tun ina yarinya nake jiran ranar da zan ci Baba a dara. Ranar ta zo ta wuce, kuma har yanzu ban san ko na ci shi ba.